BABI NA HUƊU: HAƘƘIN MAWAƘI TSAKANIN SAUKE WAƘA KYAUTA DA SAYENTA A WAJEN MASU DIJE NA SHA'AWA A NASARAWA, BIRNIN KEBBI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kiɗan dije ya shigo bukukuwan Hausawa a Birnin Kebbi da Argungu. Wannan babi kuwa zai mayar da hankali ne a kan wata tambaya da ta shafi ɗa'a da kyautata mu'amala, wato: shin ya dace matashin da yake dije don sha'awa ya tara waƙoƙin mutane kyauta daga intanet ko daga wajen masu turi, ko kuwa wajibi ne ya saya? Za a dubi tambayar ta fuskar al'adar Bahaushe da dokar ƙasa da kuma shari'ar Musulunci, kasancewar su ne ma'aunan da mutumin wannan yanki yake auna daidai da rashin daidai da su. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, nauyin haƙƙin mawaƙi yana hawa kan mai dije ne tun daga lokacin da waƙar ta fara jawo masa kuɗi, ko da sayenta ya yi ko kyauta ya same ta.

4.1 Mai Dije na Sha'awa da Jarinsa

Kalmar dije aro ce daga Ingilishi, kuma a asalinta tana nufin mutumin da yake zaɓen faya-fayai yana sanyawa a gidan rediyo ko a wurin rawa. A bakin matasa kalmar ta ɗauki ma'ana biyu, domin ana kiran mutumin dije, ana kuma kiran shagalin da kansa dije, kamar a ce an yi dije a bikin wance. Wanda ake nufi da mai dije na sha'awa a wannan aiki shi ne wanda bai ɗauki abin a matsayin sana'ar da yake ci da ita ba. Yana iya kasancewa ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Yana kuma iya kasancewa tela ko mai aski ko mai gyaran waya, wanda sai ranakun Juma'a da Asabar yake fita da kayansa.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfutar tafi-da-gidanka ko babbar waya, da lasifika, da makirfo, da janareta. Duk waɗannan ana iya ɗaukar su haya. Abin da ba a ɗauka haya shi ne tarin waƙoƙi, kuma shi ne ainihin jarin mai dije. Dalili kuwa shi ne, taron biki ba bakinsa ɗaya ba. 'Yan mata za su nemi waƙoƙin Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef ko Ado Gwanja, iyaye mata a ranar wuni za su nemi amadar Barmani Coge, wani dattijo kuma ya aiko a sa masa Shata ko Ɗanƙwairo. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a watan Agusta na 1991, unguwanni irin su Nasarawa da Gesse da Badariya suka cika da ma'aikata daga sassa daban-daban, saboda haka dole a tanadi waƙoƙin Zabarmawa da na Fulani da kuma kiɗan zamani na Legas. Mai dijen da aka nemi waƙa a wajensa ya ce babu, ya rage wa kansa daraja a idon masu biki, mai yiwuwa ma ba za a sake kiran sa ba.

Hanyoyin da ake tara waɗannan waƙoƙi sanannu ne. Akwai shafukan intanet masu ɗora waƙoƙin Hausa kyauta, akwai masu turi da suke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha, akwai musaya tsakanin abokai ta Xender ko WhatsApp, sannan akwai tatso sauti daga bidiyon YouTube.

4.2 Yadda Bahaushe Yake Biyan Waƙa

Kafin a yanke wa mai dije hukunci, yana da kyau a koma baya a ga yadda waƙa take samun lada a al'adar Hausa, domin tunanin da ake yi a yau daga can ya samo tushe. Gusau (1996) ya yi bayanin rabe-raben makaɗan Hausa, kamar makaɗan fada da makaɗan sana'a da makaɗan maza da na jama'a. Idan aka lura da kyau, kowane rukuni yana da wanda yake ɗauke da nauyinsa. Makaɗin fada yana da ubangida, wato sarki ko hakimi, wanda yake ba shi riga da doki da hatsi da gona, daga baya kuma aka shiga bayar da mota da kujerar Makka. Haka Ibrahim Narambaɗa ya rayu a Isa, haka Musa Ɗanƙwairo ya rayu, haka kuma Aliyu Ɗandawo wanda ya yi wa sarakunan Kabi da na Yawuri kiɗa. Makaɗin noma yana samun damin hatsi a wajen manoma, makaɗin mahauta yana samun nama, makaɗin masunta a Argungu yana samun rabonsa a wajen masu kamun kifi.

Abin lura a nan shi ne, da zarar makaɗi ya rera waƙa an yi masa kyauta, to waƙar ta shiga hannun jama'a. 'Yan mata za su ɗauke ta zuwa dandali, mata su yi daka da ita, manomi ya yi noma yana rera ta, babu wanda zai ce a biya shi ko anini. Hasali ma yaɗuwar waƙa abin alfahari ne ga makaɗi da ubangidansa baki ɗaya, domin sunan da aka ambata a ciki shi ne yake tafiya gari-gari. Saboda haka ana iya cewa Bahaushe bai gaji sayen waƙa ba.

Amma fa ya gaji biyan makaɗi, kuma wannan shi ne rabin zancen da masu kare sauke waƙa kyauta suke mantawa da shi. A duk inda aka buɗe fage, na biki ko na suna ko na dambe ko na kalankuwa, kuɗin da aka yi kari da su na masu kiɗa ne. Bayan an tashi, shugaban makaɗa yakan zauna ya raba abin da aka samu tsakaninsa da 'yan amshi da masu kiɗa da sanƙira, kowa gwargwadon matsayinsa. Ba a taɓa jin wani ya kwashe karin da aka yi a fage ya tafi da shi alhali ba shi ya yi kiɗan ba, sai dai idan sata ya yi. Haka kuma al'ada ta tanadi wasu iyakoki ko ga waƙar da ta yaɗu. Ba a kaɗa wa talaka taken sarki, ba a ɗaukar kirarin wani a laƙaba wa wani, sannan ƙaramin makaɗin da ya rera waƙar babba ya ce tasa ce, abin dariya yake zama a tsakanin 'yan'uwansa. Ke nan al'ada ta bar maimaita waƙa a buɗe, amma ta tsare abu biyu, wato kuɗin fage da sunan mai waƙa.

4.3 Daga Kaset Zuwa Turi

Na'urar ɗaukar magana ce ta raba waƙa da makaɗinta. Da farko an yi zamanin faifan garmaho, inda kamfanoni irin su EMI suka buga waƙoƙin Mamman Shata da wasu, sannan Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki waƙoƙin makaɗa masu yawa ya adana. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970 da 1980, sai kowace kasuwa ta sami mai rikoda biyu yana kwafar waƙa daga wannan kaset zuwa wancan. Larkin (2008) ya nuna cewa hanyoyin da masu kwafar kaset na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suka shimfiɗa, su ne daga baya finafinan Hausa suka bi suka isa ko'ina. Wato kasuwar halal da ta satar fasaha a gida ɗaya suka tashi. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sai waƙoƙin fiyano na situdiyo suka bunƙasa tare da finafinai, aka riƙa sayar da su a kaset, daga baya a faifan sidi.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ba a daɗe ba wayoyi masu ɗaukar memori suka wadata. Daga nan kasuwar kaset da sidi ta fara mutuwa, masu turi suka maye gurbinta. A Amurka ma an shiga irin wannan hali lokacin da manhajar Napster ta fito a 1999 ta buɗe wa mutane ƙofar musayar waƙa kyauta, har kotu ta sa aka dakatar da ita a 2001. Bambancin shi ne, a can kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan senti 99, mutane suka sami halastacciyar ƙofa mai sauƙi. A ƙasar Hausa kuwa babu wani shago da ya tsaya a wannan matsayi ya karɓu.

Wannan ya haifar da wani ruɗani da ya kamata a fayyace. Matashin da ya je wajen mai turi ya biya kuɗi aka cika masa memori, a ransa ya sayi waƙa ke nan. Alhali abin da ya biya ladan turi ne da kuɗin wuta da data, kuma sai fa idan akwai wata yarjejeniya ta musamman tsakanin mai turin da masu waƙar, ko kwabo ba zai kai hannun mawaƙi ba. Ta fuskar mawaƙi, wanda ya biya mai turi da wanda ya sauke da kansa duk kanwar ja ce.

4.4 Hujjojin Masu Saukewa Kyauta

Hujja ta farko ita ce tsada, kuma ba hujjar banza ba ce. A shekarar 2024 dalar Amurka ta haura naira 1,500, kuma a watan Yuli na wannan shekara aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Idan aka ɗauki farashin senti 99, waƙa 1,000 za ta tashi kimanin naira miliyan 1.5, wato fiye da albashin wata 21 na ƙaramin ma'aikaci. Ga shi kuma waƙa 1,000 ba ta da yawa a wajen mai dije. Bugu da ƙari, daga 2022 bankunan Nijeriya da dama sun taƙaita sayayyar ƙasashen waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da ita ɗungurungum, sai a 2025 wasu suka dawo da ita. A tsawon wannan lokaci ko mai niyyar saye ba shi da yadda zai yi cikin sauƙi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, wato ina ma shagon yake? Shagunan intanet da masu dije na Turai suke saye a cikinsu ba su damu da waƙar Hausa ba. Abin da ake da shi su ne manhajojin sauraro, kamar Boomplay da ta fara a Nijeriya a 2015, da Audiomack, da Spotify da ta shigo a watan Fabrairu na 2021. To amma waɗannan ba sayar da waƙa suke yi ba, izinin sauraro suke bayarwa, kuma sharuɗɗansu sun taƙaita shi ga amfanin mutum shi kaɗai, ban da kasuwanci. Saboda haka wanda ya biya kuɗin wata-wata ya jona wayarsa da lasifika a gidan biki, shi ma ya saɓa wa sharaɗin da ya amince da shi, ko da yake aƙalla ana ƙirga wa mawaƙin sauraron.

Hujja ta uku ita ce talla. Masu dije sukan ce su ne suke kai waƙa kunnen jama'a, kuma da yawa daga cikin mawaƙan zamani ba daga sayar da waƙa suke samun kuɗi ba. Suna samu ne daga gayyatar biki, da waƙoƙin 'yan siyasa, da waƙar da ake biya a yi wa amarya da ango, da kuma abin da YouTube yake biya. Akwai gaskiya a nan. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa a 2020 ta hanyar wayoyin mutane da bidiyoyin rawa da mata suka riƙa ɗorawa, kuma wannan yaɗuwa ta ɗaga sunan mawaƙin matuƙa. Mawaƙa masu tasowa kuwa su da kansu suke aika wa shafuka da masu dije waƙoƙinsu suna roƙon a sa. Sai dai hujjar tana da iyaka. Talla tana amfanar wanda za a iya gayyata ne. Ba ta amfanar marubucin waƙar da ba a san fuskarsa ba, ko mai kiɗan situdiyo, ko 'yar amshin da aka sallama da kuɗin mota, balle makaɗin da ya riga mu gidan gaskiya. Haka kuma mai kaya shi yake da ikon cewa a yi masa talla. Ba a shiga shagon mutum a ɗauki shadda a ɗinka, sannan a ce masa ai talla ake yi masa a gari.

Hujja ta huɗu ita ce cewa kwafi ba ya rage komai, tun da waƙar tana nan a hannun mai ita. Wannan gaskiya ne ga wanda ya saurara a ɗakinsa. Za a ga a gaba cewa a fagen biki akwai abin da yake raguwa.

4.5 Matsayin Doka da Shari'a

Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka mai lamba 47 a 1988, wadda ta haifar da hukumar da a yau ake kira Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka ta 2022 wadda ta maye gurbin tsohuwar, kuma ta yi tanadi a kan ɗora ayyuka a intanet da yadda za a sa a cire su. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne, doka ta rarrabe haƙƙoƙi. Kwafar waƙa haƙƙi ne guda, sanya ta a bainar jama'a kuma wani haƙƙi ne daban. Ma'ana, ko da mai dije ya sayi kowace waƙa da kuɗinsa, bai sayi izinin kaɗa ta a taron da ake biyan sa ba. Wannan izini ana karɓar sa ne daga ƙungiyoyin da aka amince su tara wa mawaƙa kuɗi. An amince da COSON a 2010, aka dakatar da lasisinta a 2018, aka kuma amince da MCSN. Rigimar waɗannan ƙungiyoyi a Legas da Abuja aka yi ta, kuma mai dijen da ke Nasarawa zai iya shekara goma yana aiki bai ga wakilin ko ɗaya ba. Akwai sassauci a dokar ga wanda ya yi amfani da aiki don kansa, amma sassaucin bai kai ga taron da ake karɓar kuɗi ba.

Doka ta kuma sa wa'adi. Haƙƙin waƙa yana ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, na sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Shata wanda ya rasu a 1999 suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, na Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991 har 2061, na Ɗanmaraya Jos wanda ya rasu a 2015 har 2085. Wannan zai ba mutane da yawa mamaki, domin an ɗauka waƙoƙin mazan jiya na kowa ne, alhali suna da magada.

Ta fuskar shari'a, wadda Jihar Kebbi ta ƙaddamar da aiki da ita a 2000, ƙa'idar da aka sani ita ce dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da yardarsa. Tambayar ita ce, shin fasaha dukiya ce? Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa suna ɗaukar amfanin abu a matsayin dukiya, saɓanin magabatan Hanafawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta tsare, bai halatta a keta su ba. Amma a kan waƙa zancen yana da sarƙaƙiya, domin malaman da suke ganin haramcin kiɗa ba su ɗauke shi dukiyar da ake saye da sayarwa ba. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan Gwandu da Argungu, ya tsananta a kan kayan kiɗa, ko da yake ya yi sassauci ga ganga mai fuska ɗaya a wajen aure. Wani yakan fake da wannan ya ce tun da haram ce, ba ta da haƙƙi. Wannan wayo ne maras tushe. Wanda ya yarda haram ce, abin da ya hau kansa shi ne ya bar ta, ba ya ɗauke ta kyauta ya ci kuɗi da ita ba. Wanda kuma yake bin masu halattawa, to ya ɗauki halaccin tare da haƙƙin da ke biye da shi.

4.6 Inda Nauyin Yake

Idan aka haɗa abubuwan da suka gabata, za a ga cewa waƙoƙin da ke cikin kwamfutar mai dije ba hukuncinsu ɗaya ba. Waƙar da mai ita ya saki kyauta da hannunsa, babu laifi a ɗauke ta, kyauta ce aka bayar. Waƙar da mai ita ya sa wa farashi, ko ya tsare ta a shafinsa domin a ƙirga masa masu kallo, tatso ta ta bayan gida tauye masa abinci ne, komai ƙanƙantarsa. Mafi muni ita ce waƙar da ta fita daga situdiyo kafin mai ita ya sake ta, domin a nan an haɗa da cin amana.

Akwai wani nau'i da ya keɓanta da bukukuwan Hausawa, wato waƙar da dangi suka biya mawaƙi ya yi wa amarya da ango, aka ambaci sunayensu da na iyaye da ƙawaye. A ranar biki dangi ne suke miƙa ta ga mai dije domin ya sa. Idan aka tashi, waƙar takan zauna a kwamfutarsa, daga nan ta wuce wajen abokai da masu turi, wata rana a ji ta a shagon mai shayi ko a bikin wasu. A nan ba mawaƙi kaɗai aka taɓa ba, an taɓa waɗanda suka biya, an kuma fitar da sunan matar aure zuwa inda mijinta da iyayenta ba su so ba. Wannan daidai yake da kaɗa wa wani taken wani, abin da al'ada ta hana tun kafin a san kwamfuta.

Sai kuma batun suna. Ya zama ruwan dare mai dije ya haɗa waƙoƙi goma ko ashirin a jere, ya riƙa cusa muryar da take kiran sunansa a tsakiya, ya canza wa fayil suna, ya rarraba. Shafukan intanet ma haka suke yi. Bayan hannu uku ko huɗu, sai a rasa wanda ya yi waƙar, musamman idan ƙaramin mawaƙi ne na cikin gari. Doka ta ba mai fasaha haƙƙin a ambace shi a kan aikinsa, al'ada ma haka. Wannan laifi bai da uzurin talauci ko kaɗan, domin ambaton sunan mawaƙi a makirfo ba ya cin ko sisi. Ga wanda yake da'awar talla yake yi wa mawaƙa, shafe suna ya rushe da'awar tasa gaba ɗaya.

Babban al'amari dai shi ne kuɗin fage. Matashin da ya tara waƙoƙi yana koyon haɗa su a ɗakinsa, ko ya sa wa abokansa a ranar da suka gama jarrabawa ba tare da an ba shi komai ba, yana nan a matsayin yarinyar da ta kai waƙar makaɗi dandali. Da wuya a sami mai hankalin da zai kira shi ɓarawo. Amma ranar da aka yi ciniki da shi, aka ba shi kafin alƙalami, ya kafa lasifika a ƙofar gida, aka fito ana liƙi, to ya tashi daga mai sha'awa ko da bai canza wa kansa suna ba. Ya zauna ne a inda makaɗi yake zama. Ba a musun cewa yana da nasa aikin: ya yi dakon kaya, ya sayi mai, ya san waƙar da za ta tayar da mutane da wadda za ta zaunar da su, kuma wannan gwaninta ce da ta cancanci lada. Amma muryar da ta sa uwar amarya ta buɗe jaka ba tasa ba ce. A tsarin gargajiya da an zauna an raba, a tsarin dije kuwa mutum ɗaya ne yake naɗe tabarmar da abin da ke kanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne kuma hujjar cewa kwafi ba ya rage komai take faɗuwa. Kowane bikin da aka kira dije, biki ne da a da za a kira mai kalangu ko masu kiɗan ƙwarya. Mai dije ya fi su araha, kuma ɗaya daga cikin dalilan arahar shi ne bai biya komai a kan waƙoƙin da yake sawa ba, alhali su sai sun ciyar da ƙungiya guda. Makaɗan gargajiya na ƙasar Kabi suna samun babban fage a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. To amma wannan biki na 'yan kwanaki ne, ya kuma taɓa tsayawa na kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. Abincin yau da gobe a bukukuwan unguwa yake, kuma nan ne lasifika ta karɓe.

Ba a cewa mai dije ya sayi abin da babu shagonsa, ko ya nemi ofishin da bai san inda yake ba. Sai dai akwai abubuwan da suke hannunsa. Yana iya ɗaukar waƙa daga shafin mawaƙin na ainihi maimakon shafin masu kwashe-kwashe. Yana iya goge waƙar amarya bayan biki, ko ya nemi izinin masu ita. Mawaƙan zamani da yawa suna ambaton hanyar tuntuɓarsu a shafukansu, kuma tura kuɗi ta waya ya zama abu mai sauƙi, don haka wanda wata waƙa ta tara masa liƙi a bukukuwa biyar yana da hanyar aika tukuici idan ya ga dama. Game da makaɗan yankin kuwa abin ya fi sauƙi, domin tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kimanin kilomita 50 ne kawai, kuma gidajen makaɗa ba ɓoyayyu ba ne a kowane gari. Mai dijen da yake rufe taro da tsohuwar waƙar fada ko ta noma, idan ya tambayi dattawan da suka nemi a sa ta, za su gaya masa gidan da ta fito da kuma wanda ya gaji turun a yanzu.